Rigar da Ba Ta Datti

Shagon Mai Guga ɗaki ɗaya ne da rabi a bakin titi, tsakanin mai gyaran babur da wata mai sayar da shayi. Rabin nan, bayan labule, shi ne makwancinsa. A gaba akwai faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin ƙyalle, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi, sai wani dogon benci a jikin bango. Shekara arba'in da uku ke nan yana tsaye a bayan wannan tebur. Ya shiga sana'ar yana saurayi, a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya, wanda bai taɓa yaba masa ba har ya mutu, amma ya bar masa shagon.

Bai yi boko ba. Lamba kawai yake ganewa, ita ma sai an rubuta ta da girma. Don haka kowane gida da yake yi wa wanki yana da alamarsa ta zare, ɗinke a cikin wuyan riga ko a ƙugun wando. Gidan mai kemis baƙin zare, ƙulli ɗaya. Gidan direban babbar mota kore, ƙulli biyu. Gidan ɗansa ja, ƙulli uku. Gida sittin da 'yan kai, duk a kansa suke, kuma ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ba na gidan nan ba ne.

Yana da wata ƙa'ida kuma. Kafin ya jiƙa kaya sai ya laluba aljihu. A shekarun nan ba abin da bai tsinta ba: makulli, ƙwayar magani, zoben mace a wandon mai mata, har haƙorin roba. Duk abin da ya samu sai ya sa a 'yar leda, in ya gama guga ya maƙale ta da fil a jikin rigar, ta koma gidan da zare ya nuna. Takarda kuwa ko ninkinta ba ya warwarewa. Yakan ce, "Aljihu ɗakin mutum ne. Ni shara aka ce in yi, ba a ce in buɗe akwati ba."

Marigayiya matarsa ma ta hanyar wankin ya same ta. Aikatau take yi a wani gida, ita ake aikowa da kaya. Shekara biyu yana karɓa yana miƙa mata, bai taɓa ce mata uffan ba, iyaka ya ce ta riƙa haɗowa da ɗankwalinta, ya goge mata kyauta. A wurinsa so ke nan. Shi ya sa yaran yanzu ba sa burge shi ko kaɗan. In an tashi makaranta yana hango su daga bayan teburinsa, mace da namiji kafaɗa da kafaɗa, kai haɗe a kan waya ɗaya, suna ƙyaƙyata dariya har da tafawa. Sai ya tsuke baki ya danna dutsen guga. "An wanke kunya an shanya," yakan ce wa mai gyaran babur, "iska ta yi gaba da ita."

Ɗansa ɗaya ne, ma'aikacin ofis, wanda tun ranar da ya sami aiki uban ke kiransa Akawu. Babbar 'yar Akawu shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare. Kakan yana ce mata Uwar Tsiwa, ita kuma ta ce masa Tsoho Mai Ran Ƙarfe. Kowace Asabar ita ke kawo wankin gidansu, ta zauna ta zura masa zare a allura, tunda idonsa ya soma gajiya. A nan ta haddace alamun gidaje kaf.

Watanni biyu kafin wannan labari, Akawu ya ga saƙonni a wayarta, tsakaninta da ɗan direban babbar mota, wani yaro ɗan ajinsu. Ya ƙwace wayar ya kulle a durowa. Ya kuma rantse a gaban uwarta cewa in ya sake kama ko kalma ɗaya tsakaninsu, ita da makaranta sun yi bankwana, zai kai ta wurin yayarsa can nesa ta zauna. Akawu ba mugun uba ba ne. 'Yar abokin aikinsa ce hotunanta suka yi ta yawo a wayoyin mutane, har uban ya daina ɗaga kai a ofis, to tun daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Mai Guga da ya ji an ƙwace waya cewa ya yi, "Ka yi daidai. Da ma me yarinya za ta yi da ita?"

Wata Asabar da hantsi, saura mako shida a fara jarrabawar fita, Uwar Tsiwa ta sauke ƙunshin wanki ta tafi sayo masa burodi. Ya kwance ƙunshin yana ware fari da mai launi, sai hannunsa ya faɗa kan wata farar rigar makaranta. Ya san ta. Sau uku ko huɗu tana ratsa hannunsa yana mamaki, don riga ce mai faɗin kafaɗa irin ta saurayi, amma wuya fes, hammata fes, karin gugar da ya yi mata ma bai baje ba. Wane saurayi ne zai sa farar riga mako guda ba ta san gumi ba?

Ya juya wuyan. Koren zare, ƙulli biyu, gidan direba. To amma daga ƙunshin gidan ɗansa ta fito. Ya murza ƙullin da yatsa, ya ji ba nasa ba ne, don shi bahago ne, ƙullinsa hagu yake kwanciya. Ya kai rigar bakin ƙofa inda haske yake. Wurin alamar duk hujin allura ne kamar rariya, ga burbushin jan zare da aka tsinke. Ya sa hannu a aljihu, ya ji takarda ninke gida huɗu.

Nan take ya gane. Yarinya ta ɗinka kore ta jefa a wanki, shi ya goge ya maƙala takarda ya aika gidan direba. Yaro ya tsinke kore ya ɗinka ja ya kawo da wankin gidansu, shi ya sake gogewa ya maƙala amsa ya aika gidan ɗansa. Da hannunsa, da fil ɗinsa, da ledarsa. Mai Guga ya zauna a benci, abin da bai saba yi kafin azahar ba.

Da ta dawo ya ɗaga rigar. "Uwar Tsiwa, wannan ta wa ce?"

Ta dubi rigar, ta dubi takardar da ke ɗaya hannun. Ba ta ko ƙifta ido ba. "Duba zare mana, Tsoho. Ba kai ka ce zare ba ya ƙarya ba?"

"Nawa ba ya yi. Wannan ƙullin na ɓarayi ne."

Ta ajiye burodin a kan tebur.

"Shekara arba'in da uku," ya ce, "ban taɓa kai kayan wani gidan wani ba. Yau ga ni da furfurata, an mai da ni ɗan aiken samari ban sani ba. Ni kika raina?"

"Da na roƙe ka, za ka yarda?"

"Allah ya kiyaye."

"To ka gani. An ƙwace waya. An ce in an tashi kada in tsaya ko minti biyar a bakin makaranta. Me muka yi? Magana ce fa kawai, Kaka. Ku a zamaninku ba ku yi so ba?"

"Mun yi, amma da baki rufe."

"Shi ya sa kakata ta shekara biyu tana jiran mutum ya buɗe baki. Ita ta faɗa min da kanta. Ta ce har ta ɗauka kurma ne."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofar shagon. Akawu ne. Ko hular kwanon bai cire ba ya shigo. Ya gaida uban a taƙaice, idonsa na kan rigar.

"Jiya na ga rigar nan a ɗakinta," ya ce. "Kafaɗar namiji, a gidan da babu saurayi. Na yi shiru don in ga inda za ta. Baba, mene ne a hannunka?"

"Takarda ce. A aljihu na same ta."

"Ba ni."

"Taka ce?"

"Ta 'yata ce."

"To ba taka ba ce ke nan."

Akawu ya cire hular a hankali, ya ajiye a kan benci. Ya sassauta murya, irin yadda ake yi wa tsofaffi in ana ganin sun rikice. "Baba, kai ba karatu kake ba, ba ka san abin da ke ciki ba. Yaran nan ba irin na da ba ne. Abin da suke rubuta wa juna, in ka ji sai ka toshe kunne. Kai da bakinka ka ce na yi daidai."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Waya kai ka saya, ka ƙwace abinka. Wannan kuwa a teburina ta fito, kuma abin da ya fito a teburin nan wurin mai shi yake komawa. Har na kwartaye na mayar ban buɗe ba, sai na jikata zan miƙa?"

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Baba."

"Ni ba icce na sani ba, tufafi na sani. Akwai yadin da in ka cika masa wuta, ba miƙewa zai yi ba, huji za ka gani."

"Abin da babba ya hango..."

"Madalla. Duba shagon nan da kyau, wa ye babba?"

Mai gyaran babur ya daina buga abin da yake bugawa. Mai shayi ta leƙo da kofi a hannu kamar tana neman wani abu. Akawu ya matso, ya miƙa hannu zai ɗauki takardar. Mai Guga ya ja da baya taki ɗaya, ya zura ta a aljihun gaban rigarsa, ya dafe da tafin hannu.

"Yanzu tana aljihuna. Bismillah, zo ka sa hannu a aljihun ubanka."

Hannun Akawu ya tsaya a iska. Ya daɗe a haka kafin ya sauke shi. Jijiyar goshinsa ta tashi raɗa-raɗa.

"Shi ke nan," ya ce. "Riƙe ta. Rigar ma ta ishe ni shaida. Ke, wuce mu tafi. Jibi za ki bi mota zuwa wurin gwaggonki."

"Kaka, ba ni takardata," in ji Uwar Tsiwa.

Ya ciro ya ba ta. Ya nuna mata dutsen gawayi da haɓa. "Taki ce. Ga wuta nan in kina so."

Ba ta dubi wutar ba. Ta warware takardar, ta ɗaga murya.

"Tunda so ake a ji, ni zan karanta da bakina. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Ta gyara tsayuwa. "'Abba bai sauko ba, kada ka kuskura ka biyo ta layinmu. Lissafin da ka aiko na yi bakwai, uku sun gagare ni, na tara kuma ina jin kai ne ka yi kuskure. Maganar da kake ta barin makaranta ka bi babanka a mota, ka bar ta. In ka bar karatu, ni ma na bar ka. Ina sonka. Ba zan ce ba na yi ba don wani ya ji daɗi.'" Ta ninke. "Iyakarta ke nan, Abba. Ga ta, ka duba ko na tsallake wani wuri."

Mai Guga ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Kalmar da ya shekara talatin da aure bai furta ba, yau ga jikarsa ta faɗe ta a bakin titi, a gaban ubanta, mai shayi na saurare. Ya so ƙasa ta tsage.

Akawu bai karɓi takardar ba. "Kin gama? To ba za ki sake kwana a gidana ba. Je ki haɗa kayanki."

"Ta haɗa," in ji Mai Guga, "ta kawo nan."

"Baba!"

"Gidanka naka ne, ka ce ba za ta kwana ba, na ji. Nan kuwa nawa ne. Daga nan zuwa makarantarsu tafiyar minti ashirin ce."

"Ka ji fa abin da ta karanta."

"Na ji, kuma bai yi min daɗi ba. Rashin kunya ce tsagwaronta. Amma shekara goma sha biyu wannan hannun ke goge mata kayan makaranta, tun tana zuwa da majina a hannun riga. Ba zan zauna ina kallo a zubar da su saura mako shida ba, a kan yarinyar da ta faɗi abin da ke ranta a gabanka. Wadda ta iya yi maka shiru, ita ce abar tsoro."

"'Yata ce, Baba."

"Kai kuma ɗana ne. Barewa ta yi gudu, ɗanta ya yi rarrafe? Taurin kan nan ai ba a titi ta tsince shi ba."

Akawu ya kau da kai. Ya durƙusa ya tattara wankin gidansa da ke ƙasa, da dattinsa da komai, ya ɗaure a bayan babur. Farar rigar kaɗai ya bari. Ya tayar da babur ya tafi ko sallama babu.

Da yamma uwar yarinyar ta zo da jakar kaya da kwalin littattafai. Ta durƙusa ta gaida surukinta, idonta jawur. "Bai ce in kawo ba, Baba, bai kuma ce kada in kawo ba."

"To ajiye su can."

Ya bar wa jikar ɗakin bayan labule, shi ya koma shimfiɗa a kan teburin guga. Amma kada wani ya ɗauka ya sakar mata ne. Washegari ya miƙa mata reza ya sa ta tsinke koren zaren nan da hannunta, ya ce allurarsa ta haramta gare ta har abada, ko da zai yini yana neman kafar allura. Sannan ya aika gidan direba a ce yana neman yaron.

Yaron ya zo, dogo, siriri, duk kunne, gumi na bin wuyansa. Ya zube a ƙasa yana gaisuwa ba ƙaƙƙautawa. Mai Guga ya bar shi a durƙushe har ya gama goge wando biyu, sannan ya jefa masa rigar.

"Karɓi abarka. Ka sa ta ta yi datti kamar ta mutane. Wa ya koya maka ƙulli?"

"Ba kowa, Baba."

"Ai na gani. Kana son ta?"

Yaron ya dubi ƙasa, ya dubi labule, ya ce, "E, Baba."

"Ka ji su! Ko 'yar in-ina babu." Ya girgiza kai. "To saurara. Ranar Asabar bayan azahar, awa ɗaya. Ga benci, kai wancan ƙarshe, ita wannan, littattafai a tsakiya, ƙofa a buɗe, ni ina nan. Na ji labarin ka tare ta a wani lungu, da dutsen nan zan goge maka kunnuwa."

Haka aka yi. Magana kuwa ta cika layi. Mai shayi ta ce tsufa ya taɓa masa kai. Wasu suka ce ya buɗe wa yara dandalin zance da rana tsaka. Gida uku suka janye wankinsu, har da na mai kemis. Da mai gyaran babur ya kawo masa labari, bai ko ɗaga kai daga rigar da yake yayyafa wa ruwa ba. "Masu cewa na lalata jika," ya ce, "sun manta abin da na sha tsinta a aljihunsu. Su gode wa Allah ni ba mai magana ba ne."

Shi kansa bai saba da abin ba. In yaran suna musu a kan lissafi har ta ce wa yaron "kai dai ba ka da kai," sai ya yi gyaran murya. In suka yi shiru kuma ya fi tsarguwa, ya yi gyaran murya biyu. Kullum awar nan ji yake kamar shekara. Amma bai taɓa rage musu ko minti ɗaya ba.

Mako shida Akawu bai taka shagon ba. In zai wuce ofis sai ya zagaya ta bayan layi. Wannan ya ci wa tsohon rai fiye da yadda ya nuna, don ɗa ɗaya gare shi, kuma tun rasuwar matarsa gaisuwar safen nan ita ce abin da yake jira. Uwar Tsiwa ta lura. Wata rana ta ce, "Kaka, ko in je in ce masa na tuba, na daina?"

"Kin daina ɗin?"

"A'a."

"To zauna ki yi karatunki. Ba a shagona za a ƙulla ƙarya ba."

Ranar da za a fara jarrabawa ta fito da sassafe cikin kayan makaranta, biro biyu a hannu. Wurin da za a rubuta da nisa, motar haya kuma ta ƙi samuwa, kowace ta zo cike. Tana tsaye a bakin titi tana duba agogon shagon, sai ga babur ya tsaya a gabanta. Akawu bai cire hula ba. Ya juya wajen uban ya ce, "Ina kwana, Baba," a daƙile, kamar an matse shi. Sannan ya dubi gabansa.

"Hau, za ki makara."

Ta tsaya. "Zan hau, Abba. Amma abin da na karanta ran nan, ban janye ba."

"Ban tambaye ki ba. Hau."

Ta dubi kakanta. Ya ɗaga mata haɓa. Ta hau, ta riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗar uban, suka tafi kowa fuska a ɗaure.

Mai gyaran babur ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Sun shirya ke nan, Baba?"

"Ina fa," in ji Mai Guga. "Ba mai saukowa a cikinsu. Amma dai za ta rubuta."